Da tsohuwar zuma ake magani, amma ban da Windows 7

Jama'a, akwai wata magana da ta yi yawa a bakin masu kwamfuta tun da Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma ina ganin ya kamata mu baje ta a faifai, don abin ya wuce batun gayu ko son sabon yayi. Maganar ita ce: "Injiniya, Windows 11 ɗin nan ta ishe ni, cire min ita ka mayar min da 10." Wasu ma ba sa tsayawa a 10, kai tsaye 7 suke nema. Wai ita ce mara nauyi, ba ta shan data, ba ta damun mutum da abdet, kuma firintarsa ta saba da ita. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji su.

Bari in faɗi matsayata tun yanzu, kada wani ya karanta rabi ya tafi da abin da ban faɗa ba. Wanda ya koma 10 na fahimce shi, kuma akwai yadda zai yi ya zauna lafiya na ɗan lokaci. Amma wanda ya ɗora 7 a kan kwamfutar da ke hawa intanet, ana shiga banki da ita ko ana ajiye takardun mutane a cikinta, wannan ganganci ne. Kuma ba da kayansa kaɗai yake gangancin ba.

Masu ƙorafi suna da gaskiyarsu, wannan ba a musu. Lokacin da Windows 11 ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, Microsoft ta gindaya sharuɗɗa: sai kwamfutarka tana da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sai furosesarta ta kasance Intel zubi na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama, ban da wasu 'yan tsiraru da aka yi wa alfarma. Zubi na 8 kuwa a 2017 ya fara fitowa. To ku duba abin da ke hannun yawancinmu. Laftof ɗin da muke saye na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su, suka biyo ta Computer Village a Ikeja suka iso shagunan garuruwanmu. HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470, ThinkPad T460, duk zubi na 6 ne. Garau suke, suna buga takardu, suna zane, ɗalibi ya rubuta furojet ɗinsa da su tsaf. Rana ɗaya kamfani ya ce sun tsufa. Kuma kamfanin nan ne wani ma'aikacinsa, Jerry Nixon, ya tsaya a taronsu a 2015 ya ce Windows 10 ce ta ƙarshe. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama bola saboda wannan mataki. Ina kuke zaton da yawansu za su nufa? Kasuwarmu mana, da farashi mai daɗi.

Don haka haushin yana kan hanya. Ba kuma yau aka fara ba: a 2007 da Windows Vista ta fito mutane suka ƙi ta, har sai da Dell ta dawo da sayar da kwamfutoci masu XP saboda matsin masu saye. Inda nake da ja shi ne, mutum ya yi fushi da Microsoft ya huce a kan kansa.

Abu na farko da mutane da yawa ba su sani ba: ɗora tsohuwar Windows a kan sabuwa ba kamar cire riga a sa wata ba ne. Rushe gida ne a sake gini. Idan daga 10 ka hau 11, kwamfutar tana ajiye tsohuwar a wata jaka mai suna Windows.old, kuma tana ba ka kwana 10 kacal ka canza shawara. A cikin kwanakin nan za ka shiga Settings, ka je System, ka je Recovery, ka danna Go back, ta mayar da kai inda ka fito da fayilolinka. Kwana 10 suna cika, ta share jakar, ƙofar ta rufe. Wanda kuma ya sayi kwamfutarsa da 11 a kanta, shi dama bai taɓa samun wannan ƙofar ba.

Daga nan hanya ɗaya ce ta rage, abin da muke kira fomatin. Ko ka kunna manhajar girka 10 daga cikin 11, in ta zo wurin tambayar me za a bar maka, zaɓi ɗaya za ka tarar a buɗe: kada a bar komai. Sabuwa ta san yadda za ta karɓi kayan tsohuwa, amma tsohuwa ba ta san tsarin wadda aka yi bayanta ba. Ke nan hotunan biki, lissafin shago na shekara uku, babi na huɗu na furojet, manhajojin da ka girka, kalmomin sirrin da burauza ke riƙe maka waɗanda kai kanka ka manta su, duk abin da ke ɓangaren C zai tafi in ba a kwashe shi ba tukuna. Sau nawa aka yi rigima a shagon gyara kan wannan? Mai kwamfuta yana rantsuwa bai ce a goge ba, injiniya yana rantsuwa shi Windows aka ce ya canza. Kuma duk su biyun gaskiya suke faɗa, ba wanda ya yi wa wani bayani ne kawai.

Akwai wani sabon tarko ma da ya fi wannan ciwo, sunansa BitLocker. Kwamfutocin zamani da yawa suna kulle abin da ke cikin faifansu da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, kuma daga zubin 24H2 na Windows 11 abin ya ƙara yaɗuwa. Kai ba ka ma san an kulle ba, don kullum kana kunnawa tana buɗewa. Ranar da injiniya ya zare faifan zai kwashe maka fayiloli, ko ya goge C ya bar D da niyyar ai kayanka suna can, sai ta nemi mabuɗi mai lamba 48. Mabuɗin yana cikin asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga da shi. To tsakani da Allah, mu nawa ne muka san wannan asusun? Da yawa yaron shago ne ya buɗe shi a gurguje ranar saye, ya sa imel ɗin da shi ma ya manta. Idan babu lambobin nan, babu injiniyan da zai buɗe maka, Microsoft ɗin ma ba za ta iya ba. Kafin kowa ya taɓa kwamfutarka, ka tabbata lambobin suna rubuce a takarda a aljihunka, ko a kashe kullen tun tana buɗewa.

Yanzu mu zo kan 7, wadda ita ce asalin abin da ya sa na yi rubutun nan.

Windows 7 ta fito a Oktoban 2009. Manhaja ce mai kyau, ba na ja. Microsoft ta daina kula da ita ranar 14 ga Janairu 2020. Manyan kamfanonin da suka biya kuɗi aka ƙara musu zuwa Janairun 2023, daga nan aka rufe littafin. Mutane suna jin "an daina kula da ita" sai su ce to ai tana kunnuwa, ai tana aiki. Ƙwarai tana aiki. Gida ma in mai gadi ya ajiye aiki ba ya rushewa, fanka na juyawa, famfo na zuba. Abin da ya canza shi ne katangar in ta tsage babu mai liƙewa.

Ku fahimci yadda abin yake. Duk wata, ranar Talata ta biyu, Microsoft tana fitar da faci na ɓarakar da aka gano a Windows ɗin da take kula da su. Masu kutse su ma suna jiran ranar nan. Sukan ɗauki facin su kwatanta da yadda manhajar take kafin a yi shi, su gane daidai inda ramin yake. Su kuma Windows ɗin nan 'yan gida ɗaya ne, akwai sassa da yawa da 11 ta gada daga 10, ita kuma ta gada daga 7. Saboda haka sau da yawa ramin da aka toshe a sabuwa yana nan a buɗe a tsohuwa, kuma yanzu an ma nuna wa ɓarawo wurin. Kowane wata ramukan ƙaruwa suke, ba a taɓa rage ko ɗaya. Wannan ne ya sa 7 ɗin da ka bari a 2018 ba ita ce za ka koma ka tarar ba, ko da filash ɗin da aka girka ta da shi bai canza ba.

Mun ga misali. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa. A Ingila sai da asibitocin gwamnati suka riƙa soke ganin likita da tiyata. Mafi yawan kwamfutocin da ta kama masu Windows 7 ne da ba a yi musu abdet ba, alhali Microsoft ta fitar da facin tun watan Maris. Lura fa, a lokacin akwai maganin, sakaci ne ya hana sha. Yau mai 7 ko yana so ya sha babu.

Burauzar ma ta gudu ta bar shi. Chrome ta tsaya a lamba 109 a kan Windows 7 tun farkon 2023. Da wannan tsohuwar burauzar ce mutum zai buɗe shafin banki, ya sa lambar katinsa.

Na san amsar da za a ba ni: "Ni wa zai yi wa kutse, me na tara?" Ɗan uwa, ba wanda ya zauna ya zaɓe ka. Manhajoji ne ke yawo dare da rana suna taɓa kowace ƙofa, wadda ta buɗu su shiga. Ba ruwansu da ko kai attajiri ne ko ɗan bautar ƙasa. Wani kuma zai ce yana da antibairos. Madalla, amma antibairos a kan manhajar da ba a liƙe ta kamar ajiye kare ne a gidan da ba katanga: zai yi haushi, wani lokaci ya kama, wani lokaci a wuce ta bayansa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu kafe da shagunan buga takardu. Ku tuna abin da ke bi ta kwamfutocin nan a rana guda: takardar NIN, lambar BVN, hoton fasfo, sakamakon WAEC, rajistar JAMB, takardar asibiti, takardar fili. Talaka ya miƙa maka ya biya kuɗinsa ya tafi, bai san a Desktop ka bar masa su ba, a kan Windows ɗin da rabonta da faci shekaru. Wannan amana ce. In kai ka yarda ka yi kasada da naka, shi wa ya tambaye shi?

Sannan wace 7 ɗin ma ake ɗora maka? Asalin faifan Windows 7 bai san USB 3.0 ba, bai san faifan NVMe ba, don an yi shi kafin su yaɗu. A kan kwamfutoci da yawa na bayan 2015, kana fara girkawa sai linzami da allon rubutu na waje su ɗauke, ko ta ce ba ta ga faifai ba. Daga Intel zubi na 7 da Ryzen kuwa Microsoft cewa ta yi ba ta goyon bayan 7 a kansu sam. To yaya ake yi? Sai a sauko da wadda wani bawan Allah a intanet ya buɗe ya yi wa ƙari da ragi. Wane ne shi? Oho. Me ya ƙara? Oho. A gama kuma a kawo manhajar kirak don a cire rubutun nan na lasisi, wadda sharaɗinta na farko shi ne ka kashe antibairos. Wato da hannunka ka ɗaure karen, ka buɗe wa baƙon da ba ka sani ba. An gudu daga gara an faɗa wa zago.

Wani abin takaici, mai komawa 10 sau da yawa ba ya ma buƙatar kirak. Lasisin 10 da na 11 ɗaya ne: Home zuwa Home, Pro zuwa Pro. In kwamfutar tana da lasisi na gaskiya, ka girka irin wadda take da ita, tana hawa intanet za ta gane kanta. Kuma ana sauke manhajar girkawar kyauta daga shafin Microsoft. Amma saboda filash ɗin injiniya Pro ce kawai a ciki, sai a ɗora wa mai Home, ta ƙi karɓa, a ce sai kirak. Haba.

Ba na cewa 7 ba ta da sauran amfani ko kaɗan. Akwai mai injin yankan sitika, mai injin aikin zare, mai tsohuwar sikana ko na'urar ɗakin gwaji, wanda direbobin injinsa ba su wuce 7 ba, kuma injin ya fi kwamfutar tsada ninkin ba ninkin. Wannan ba wanda zai ce ya zubar da jarinsa. Ya bar ta a kan 7, amma ta zama ta aikin nan kaɗai: ba waya, ba wayales, ba "bari in ɗan duba Facebook". Kuma ya yi hattara da filash ɗin kwastomomi, kowa ya san bairos ɗin nan mai mayar da fayiloli shotkot ta nan yake yawo.

Batun nauyi kuma, gaskiya sau da yawa ana ɗora wa Windows laifin da ba nata ba. An ɗauki laftof mai RAM 4GB da tsohon faifai mai juyawa, an yi amfani da Rufus an tsallake sharuɗɗan an cusa mata 11 don a sayar da ita a matsayin ta zamani. Dole ta yi rarrafe. Ita Microsoft ma ta faɗa cewa irin waɗannan ba ta yi musu alkawarin abdet ba. Amma a cire faifan nan a sa SSD, a kai RAM 8GB, wallahi sai ka rantse wata kwamfutar aka canza maka. Kuɗin da za ka kashe a fomatin sau uku da zirga-zirgar shago, gara ka tara ka yi wannan sau ɗaya. Mai kukan data kuma, akwai Metered connection a saitin wayales, ka kunna shi ta rage sauke-sauken da take yi a ɓoye. Sai dai ka ware rana a wata ka bar ta ta yi abdet ɗin. Wanda kuma ya sayi sabuwar kwamfuta dal, zubi na 12 zuwa sama, ya ce a mayar masa 10, shi kam ban ga ribarsa ba, don tsarin rabon aikin furosesar da 11 aka daidaita shi.

A waya ma haka abin yake, har ya fi tsanani. Apple takan daina amincewa da tsohuwar iOS jim kaɗan bayan sabuwa ta fito, in ta rufe ba komawa. Samsung ba ta bari a sauka ƙasa da matakin da wayar ta riga ta hau. A 2018 masu Redmi Note 5 da yawa sun mayar da wayoyinsu dutse garin ɗora tsohuwar manhaja, bayan Xiaomi ta sa shingen hana komawa baya. Akwai son kai na kamfani a ciki, amma akwai hujja: da ana komawa baya yadda aka ga dama, ɓarawon waya sai ya mayar da ita zubin da aka san raminsa ya buɗe ta.

To mai kwamfutar da ba ta cika sharaɗin 11 ba, ina zai sa kansa? In zai zauna a 10, ya tabbata 22H2 ce, ya shiga Windows Update ya duba tayin ƙarin wa'adin tsaro da ake kira ESU. Microsoft ta ba da hanya uku: dala 30, ko maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kyauta in ka yarda ka haɗa saitinka da asusunta. Wa'adin da ta sanar wa ɗaiɗaikun mutane zuwa 13 ga Oktoba 2026 ne. Shekara ɗaya ce ta shiri, ba wurin zama ba. Wanda aikinsa bai wuce burauza da rubutu da kallo ba, ya gwada Linux Mint ko Ubuntu. Kyauta ne, suna tafiya sumul a kan tsofaffin laftof, kuma Ubuntu 24.04 tana da faci har 2029. Ba zan yi muku daɗin baki ba, mai CorelDRAW da Photoshop zai sha wahala a can, kuma wata firintar sai an yi fama. Amma ana iya kunna ta daga filash a gwada ba tare da an goge komai ba.

Mai shirin saye kuwa, don Allah a daina ruɗuwa da "Core i7 ce fa". Duba lambar da ke gaba. i7-4600U zubi na 4 ce, ta 2013. i5-8250U zubi na 8 ce, kuma ita ce za ta hau 11 ta halal. A jerin EliteBook 840, sai daga G5 ake fara samun zubi na 8, shi ma a duba furosesar don akwai masu na 7. In ka ga 11 a kan G3, cusa ta aka yi. Araha ba ta ado.

'Yan uwana injiniyoyi, ku ne mutane suka yarda da ku, abin da kuka faɗa shi ake ɗauka. Na san kwastoma yana da naci, kuma in ka ƙi yi na kusa da kai zai yi. Duk da haka, kafin ka soka filash ɗin nan, ka tambaye shi yaushe ya hau 11, wataƙila kwana 10 ba su cika ba, minti kaɗan ya ishe ku. Ka tambaye shi ina ya kwafe kayansa, ya nuna maka da idonka. Ka duba ko faifan a kulle yake. Ka faɗa masa da Hausa, ba da turancin sana'a ba, cewa komai zai goge. In kuma Alhaji ya nace shi sai 7, ka tambaye shi ko da ita ake tura kuɗi da ajiye takardun mutane. In ya ce e, ka ce masa ba za ka ɗora ba, ka kawo masa SSD ya gani da idonsa.